Aikin Tuƙi a Kamfanonin Jiragen Haɗaka: Abin da Matashi Zai Auna Kafin Ya Zaɓa

Kamfanonin jiragen haɗaka su ne waɗanda ke sayar wa masu hali kaso a cikin ƙaramin jirgin sama na alfarma, maimakon mutum ɗaya ya sayi jirgin sukutum. Tsarin ya yi kama da watanda, inda mutane ke haɗa kuɗi su sayi sa, kowa ya ɗauki rabonsa gwargwadon abin da ya zuba. A lissafin da aka saba, ana ɗaukar cewa jirgi zai yi awa 800 a sama cikin shekara. Wanda ya sayi kashi ɗaya cikin 16 yana da awa 50 ke nan, mai kashi ɗaya cikin huɗu kuma awa 200. Bayan kuɗin kason, akwai kuɗin kula da jirgi da ake biya duk wata, da kuɗin kowace awa da mutum ya yi a cikinsa, kuma yawanci yarjejeniyar ta shekara biyar ce. Shi kamfani shi ke ɗaukar matuƙa, shi ke gyara, shi ke biyan inshora, sannan ya yi alkawarin cewa in mai kaso ya kira, jirgi zai iso masa cikin 'yan awanni, ko da ba ainihin wanda yake da kaso a ciki ba ne. A kan wannan alkawari aka gina sana'ar, kuma daga gare shi daɗin aikin matuƙi da wahalarsa suka samo asali.

Amurka ce gidan wannan tsari. A 1964 aka kafa kamfanin Executive Jet Aviation a birnin Columbus na jihar Ohio, don bayar da shatar ƙananan jirage. Richard Santulli, masanin lissafi da ya taɓa aiki a bankin Goldman Sachs, ya sayi kamfanin a 1984, ya zauna ya yi nazarin tsofaffin bayanan tafiye-tafiyensa, ya gano yawan jiragen da ake buƙata don cika wa masu kaso alkawari. A 1986 ya fara sayar da kaso da sunan NetJets. Attajirin nan Warren Buffett ya fara zama abokin ciniki ne, daga baya kamfaninsa Berkshire Hathaway ya saye NetJets a 1998 a kan dala miliyan 725. Har yau shi ne babba a fagen, da jirage sama da 700 da matuƙa fiye da 3,000, kuma yana da reshe a Turai mai hedkwata kusa da Lisbon a ƙasar Fotugal.

Na biyu a girma shi ne Flexjet, wanda kamfanin ƙera jirage na Kanada, Bombardier, ya fara a 1995. A 2013 ya koma hannun Directional Aviation na Kenn Ricci, wanda shi kansa matuƙi ne, kuma cibiyarsa tana yankin Cleveland, a jihar ta Ohio. Akwai PlaneSense, shi ma na 1995, a Portsmouth ta jihar New Hampshire, wanda ya tsaya a kan jirage biyu ƙirar Pilatus ta Suwizalan: PC-12 mai farfela ɗaya da PC-24 mai injin jet. Akwai Airshare a jihar Kansas, mai sayar da kwanaki maimakon awanni, da AirSprint a Calgary ta Kanada. Sunaye irin su VistaJet da Wheels Up suna yawan fitowa a bakin masu neman aiki, amma tsarinsu na shata ne da zama mamba, ba sayar da kaso ba, ko da yake rayuwar matuƙansu ba ta yi nisa da ta waɗancan ba.

Ƙofar shiga ba ta da faɗi. Bayan hatsarin jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, wanda ya ci rayuka 50, Amurka ta tsaurara doka, ta yadda daga 2013 mataimakin kyaftin a jirgin fasinja sai ya mallaki babban lasisin da ake kira ATP. Wannan lasisi a ƙa'ida yana buƙatar awa 1,500 a sama da shekara 23 da haihuwa. Kamfanonin haɗaka suna ƙarƙashin wani sashe dabam na dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, wanda aka fitar a 2003, kuma shi ya yarda mataimaki ya fara da awa 500, kyaftin kuma 1,500. Sai dai abin da doka ta halatta dabam, abin da kamfani ke nema dabam. Manyan kamfanonin suna neman ATP tun daga ranar farko. Ƙanana masu jiragen farfela ne ke karɓar wanda awanninsa ba su kai haka ba, shi ya sa matasa da yawa ke fara tara ƙwarewa a can, ko a koyar da ɗalibai, ko a jigilar kaya da dare.

Ga matashin da ya tashi a Kano ko Zinder akwai wata ƙofar kafin wannan. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ta Ilori, suna bayar da horo na gaske, amma lasisin Najeriya ba ya ba mutum izinin tuƙa jirgin kasuwanci mai rajistar Amurka. Sai ya sake rubuta jarrabawa ya yi gwajin tuƙi a ƙarƙashin FAA, ko a ƙarƙashin hukumar EASA in Turai ya nufa. Abin da ya fi wannan wuya shi ne izinin zama da aiki a ƙasar, domin kamfanonin nan suna sa shi cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki. Duk wanda ya ce wa iyaye su sayar da gona zai samar wa ɗansu aiki a NetJets da lasisi kawai, yaudararsu yake yi. Wajibi ne a warware batun takardun zama kafin a kashe kuɗin horon da ake ƙirgawa da dubban daloli.

Wanda ya shiga zai tarar da aiki da ya sha bamban da na jirgin fasinja. Matuƙin fasinja ya san tun farkon wata inda zai kwana kowace rana. Yana isowa ya tarar an loda kaya, an share jirgi, an zuba mai, ya rufe ƙofar ɗakin tuƙi, ba ruwansa da wanda ke zaune a baya. Matuƙin haɗaka kuwa sau da yawa sai da yamma yake ganin shirin gobe a wayarsa, kuma kafin azahar ta goben an canza shi sau biyu ko uku, saboda wani mai kaso ya ɗaga tafiyarsa ko wani jirgin ya lalace a wani gari. A ƙananan jirage babu ma'aikaciyar kula da fasinja. Matuƙan nan biyu su ke tarbar baƙi, su ke ɗaga akwatuna, su ke duba ko abincin da aka yi oda ya iso daidai, su ke goge kujeru da kwashe shara tsakanin sauka da tashi, har da tabbatar da cewa an gyara ban ɗaki. Mutumin da yake ganin ɗaukar jakar wani ƙasƙanci ne ga kyaftin mai gwala-gwalai huɗu a kafaɗa ba zai ji daɗin wannan aiki ba, kuma gara ya san haka tun yana makaranta. Wanda kuma yake da sakin fuska da haƙuri da mutane, wanda zai iya gaya wa attajiri cikin ladabi cewa yanayi bai yarda a sauka inda yake so ba, ya kuma tsaya a kan maganarsa, ya riga ya mallaki rabin abin da ake nema. Wannan tsayuwa ita ce mafi nauyi a aikin. Mai kaso ya biya kuɗi masu yawa, yana da taro da yake jiran sa, kuma yana tsaye a gaban kyaftin ido da ido. Kamfanin kirki shi ne wanda ke mara wa kyaftin baya a irin wannan lokaci.

Ta fuskar tuƙi kansa, aikin yana da armashi. Amurka tana da filayen jirgi kusan 5,000 da aka buɗe wa jama'a, amma jiragen fasinja wajen 500 kawai suke zuwa. Sauran na ƙananan jirage ne. Matuƙin haɗaka yau yana Teterboro kusa da New York, inda cunkoson jirage ba ya barin mutum ya yi sakaci na daƙiƙa ɗaya, gobe yana Aspen tsakanin duwatsun Colorado, inda iska ba ta da kauri kuma hanyar shiga ƙunci gare ta, jibi yana wani ɗan gajeren titi a tsibiri wanda bai taɓa gani ba. Dole kullum ya riƙa lissafin tsawon titi da nauyin jirgi da kansa. Irin wannan aiki yana wasa hannu da ƙwaƙwalwa, amma yana gajiyarwa. Doka ta yarda a riƙe matuƙi har awa 14 a bakin aiki, da hutun awa 10 kafin ya koma, kuma a lokutan cunkoso, kamar bukukuwan ƙarshen shekara da ranar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, Super Bowl, ana kusantar wannan iyaka kwana da kwanaki a jere.

A nan ne kwatanta kamfanoni ke fara amfani, kuma abu na farko da ya kamata a ɗora a ma'auni shi ne jadawali. NetJets ya shahara da tsarin kwana bakwai a aiki, kwana bakwai a gida, wanda ke ba mutum damar sanin ranakun hutunsa watanni kafin su zo. Yana kuma da wasu tsare-tsaren da ake ƙirga kwanakin aiki cikin wata huɗu, kamar 52 ko 60 ko 72 ko 76, inda albashi ke ƙaruwa da yawan kwanaki. A Flexjet da wasu kamfanoni an saba da kwana takwas a aiki, shida a gida, tare da damar neman ranakun da mutum yake so. Bambancin bakwai da takwas kamar ƙarami ne a takarda. In aka lissafa shi a shekara, ya kai kusan kwana 26, wato dab da wata guda da mutum zai yi ko dai tare da iyalinsa ko a otel. Saurayi marar iyali zai ga kwanaki masu yawa da kuɗi masu yawa sun fi masa. Bayan shekara goma, da 'ya'ya a makaranta da iyaye da suka manyanta, lissafin yakan juya. Don haka tambayar da ta dace ita ce ko kamfanin yana barin mutum ya sauya tsari idan rayuwarsa ta sauya.

Akwai kuma batun gida. Matuƙin jirgin fasinja yana da babbar tasha da aka ɗaure shi da ita, in kuma ba a garin yake zaune ba, shi zai nemi kujerar alfarma a wani jirgi ya kai kansa, a cikin lokacin hutunsa, wani lokaci har ya kama ɗaki da kuɗinsa. Manyan kamfanonin haɗaka sun sauƙaƙa wannan. Mutum yana zaɓar filin jirgi kusa da gidansa daga cikin jeri mai tsawo, ranar farko ta aiki kamfani ya saya masa tikiti zuwa inda jirginsa yake, ranar ƙarshe ya mayar da shi, kuma duka ranakun biyu cikin kwanakin aiki ake ƙirga su. Wannan dama ita kaɗai ta sa matuƙa da yawa suka ƙi komawa kamfanonin fasinja. Ƙananan kamfanoni jerin garuruwansu ya fi gajarta, don haka a duba kafin a sa hannu.

Abin da matasa suka fi jahilta shi ne lambar daɗewa. Ranar da aka ɗauki matuƙi ake ba shi lamba a jerin ma'aikata, kuma da wannan lamba ake raba kusan komai: zama kyaftin, hawa babban jirgi, zaɓen jadawali, hutun salla ko na Kirsimeti, da wanda za a fara sallama in kasuwa ta faɗi. Lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Kyaftin mai shekara goma sha biyu a wani wuri, in ya koma wani, daga ƙasan jeri zai fara, a kujerar dama ta mataimaki, da albashin sabon shiga. Ma'anar wannan ita ce sauya kamfani yana da araha a shekarun farko, yana kuma ƙara tsada duk shekara. Wanda zai yi tsalle, ya yi da wuri. Shi ya sa alkawarin saurin zama kyaftin da ake yi wa sababbi yake buƙatar taka-tsantsan, domin saurin ya dogara ne da yawan sababbin jirage da masu ritaya, kuma waɗannan suna canzawa. An yi lokutan da mataimaka suka shafe shekaru masu yawa suna jira, an kuma yi lokutan da aka ɗaga mutum cikin shekara biyu ko uku.

Babban bambanci tsakanin manyan kamfanonin biyu yana cikin batun ƙungiyar ƙwadago. Matuƙan NetJets suna da ƙungiyarsu mai zaman kanta, NJASAP, tun 2008, kuma albashi da hutu da hanyar ladabtarwa duk a rubuce suke a yarjejeniya. Bayan doguwar taƙaddama da zanga-zangar lumana, a 2024 suka amince da sabon shiri da ya ƙara musu abin da suke samu da fiye da kashi 50 cikin 100 a tsawon shekarun yarjejeniyar. Matuƙan Flexjet kuwa a 2018 suka kaɗa ƙuri'ar rabuwa da ƙungiyar Teamsters, suka koma mu'amala da shugabannin kamfani kai tsaye. Masu goyon bayan haka suna cewa ana samun ƙarin albashi da gyaran tsari da sauri, ba sai an jira shekarun tattaunawa ba. Masu suka suna cewa abin da aka bayar da alheri ana iya janye shi ranar da kasuwa ta ɓaci. Duka maganganun suna da ƙamshin gaskiya, amma ga baƙo a ƙasar da ba tasa ba, wanda bai da kowa a sama, rubutacciyar yarjejeniya da wakilin da zai zauna kusa da shi ranar da aka tuhume shi kariya ce da bai kamata ya raina ba.

Albashi yana canzawa duk 'yan shekaru, don haka adadin da aka gani a talla bai isa hujja ba. Abin dubawa shi ne yadda aka gina shi: nawa ne tabbataccen albashi, nawa ne ke zuwa daga ƙarin awanni da aiki a ranar hutu, nawa ne alawus ɗin abinci, wa ke biyan inshorar lafiyar iyali, wadda a Amurka tana cin kuɗi sosai. Sannan a duba shekara ta goma da ta ashirin, ba ta farko kaɗai ba. A nan gaskiya ɗaya ce: manyan kamfanonin fasinja irin su Delta da United da American, musamman bayan yarjejeniyoyin 2023, sun fi biya a ƙarshen aiki, kuma abin da suke zubawa a asusun fanshon matuƙi ya fi yawa. Wanda burinsa shi ne ya tara mafi yawan kuɗi kafin ritaya, can ya kamata ya dosa. Wanda yake son zama a garinsu, da tuƙi mai bambancin wurare, da mako guda cur a gida, haɗaka ta fi dacewa da shi. A kuma kula da takardar horo: wasu ƙananan kamfanoni suna sa sabon shiga ya sa hannu cewa in ya tafi kafin shekara ɗaya ko biyu zai biya kuɗin horon da aka yi masa.

Irin jirgin da mutum ke tuƙawa yana tsara rayuwarsa. Ƙananan jirage kamar Phenom 300 na Embraer ta Birazil suna yin gajerun tafiye-tafiye, sauka da tashi huɗu ko biyar a yini. Matsakaita irin su Citation Latitude da Challenger 350 suna ratsa Amurka daga gaɓa zuwa gaɓa ko kusa da haka. Manya kamar Global 7500 na NetJets da Gulfstream G650 na Flexjet suna tsallaka teku, da ma'aikacin kula da fasinja, da kwana a biranen duniya, da kuma rikicewar barci. Flexjet yana da shirin Red Label, wanda ya fara a 2015, inda ake ware wa jirgi ɗaya rukunin matuƙa nasa, su san shi ciki da waje. A NetJets kuwa mutum yana tuƙa duk jirgin da ke cikin samfurinsa, sau da yawa da abokin aikin da bai taɓa gani ba. Wani yana son sabo da jirgi ɗaya da mutane ɗaya, wani yana ganin takura ce.

Ƙarfin kamfani shi ne abin da ba ya fitowa a hoton talla. Sana'ar tana tafiya ne da arziƙin masu kuɗi, in ya girgiza ita ma ta girgiza. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, NetJets, duk da Berkshire Hathaway na bayansa, ya dakatar da matuƙa kusan 500, kuma sabbin shiga ne abin ya shafa. Kamfanin Avantair ya rushe gaba ɗaya a 2013, Jet It ya daina aiki a 2023, ma'aikatansu suka koma neman aiki daga ƙasan jerin wasu. Bayan annobar korona a 2020 kasuwa ta cika har kamfanoni suka riƙa rububin matuƙa, sai dai cikar kasuwa ba ta dawwama. Matuƙi mai hankali yana ajiye kuɗin da zai riƙe gidansa na watanni, ba ya gina rayuwarsa a kan kuɗin ƙarin awanni.

Lafiya ita ce jarin da babu madadinsa. Mai riƙe da ATP yana zuwa wurin likitan hukuma sau ɗaya a shekara kafin ya kai 40, bayan nan duk wata shida. Hawan jini ko ciwon suga da aka yi sakaci da su suna iya tsayar da aiki, don haka inshorar rasa lasisi tana cikin abin da ake tambaya. Matuƙin fasinja a Amurka yana ajiye aiki dole a shekara 65. A haɗaka an daɗe babu iyaka, har sai da doka ta ba manyan kamfanoni damar sa shekara 70, kuma NetJets ya fara aiki da ita a farkon 2024.

Matashi Musulmi yana da nasa ƙarin lissafin. Jadawali bai san Juma'a ba, bai san Ramadan ba, kuma sabon shiga shi ne na ƙarshe wajen zaɓen ranar hutu. A ƙananan jirage, cika ma'ajiyar abin sha, har da giya, yana cikin aikin matuƙa. Addini ya yi wa matafiyi rangwame a salla da azumi, amma waɗannan tambayoyi ne da ya dace a kai wa malami tun kafin a je ganawar neman aiki, a shiga da zuciya natsattsiya.

Mafi ingancin labari a kan kowane kamfani yana bakin matuƙan da ke cikinsa, musamman waɗanda suka kai shekara biyar, da kuma waɗanda suka bar shi. Mai neman aiki ya tambaye su abin da ke faruwa idan matuƙi ya kira ofis ya ce ya gaji ba zai iya tashi ba, ya tambayi sau nawa ake mayar da mutum gida a kan lokaci ranar ƙarshe, da yadda ake karɓar rahoton matsalar jirgi lokacin da mai kaso ke jira a tsaye. Kamfanin da matuƙansa ke tsoron cewa sun gaji, komai kyan jiragensa da yawan albashinsa, bai cancanci a ba shi shekarun ƙuruciya ba.